Yadda Za Ka Samu Inda Ake Koyar da Ginin Tukwane a Abuja da Kewayenta

Duk tukunyar ƙasa da ka gani a jibge a bakin titi, ko kaskon turaren wuta, ko tandar masa, ko asusun yara, akwai hannun da ya gina ta, kuma sau da yawa mai hannun bai wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu daga inda kake tsaye ba. Wannan ne abin da mai neman koyon ginin tukwane a Abuja yakan manta. Sai ya ɗauki waya ya yi ta lalube, ya ga wuri biyu ko uku masu kyawawan hotuna, ya ji kuɗinsu, ya ce wannan ba harkar talaka ba ce, ya haƙura. Alhali kuwa Abuja tana zaune ne a tsakiyar ƙasar Gbagyi, mutanen da suka yi suna a ginin tukunya tun kafin a aza tubalin farko na birnin. Masu ilimin suna nan da ransu, allon talla ne kawai ba su kafa ba.

Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce da na bi da ƙafata. Abuja na ɗauka misali, amma wanda ke Kaduna, Kano, Jos ko Yamai zai iya bin sawunta.

Da farko, ka tsayar da abin da kake nema

Kafin ka tambayi kowa, ka tambayi kanka, domin abubuwa uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Akwai ginin gargajiya na hannu: randa, tulu, tukunyar miya, kasko. Babu inji, babu lantarki. Ana gina su da hannu, a shanya, a gasa a fili da itace da ciyawa. Masu koyar da wannan maginan ƙauye ne, kuma a ƙasar Gbagyi mata ne, ko da yake a wasu garuruwan Hausa maza ne suka riƙe sana'ar.

Akwai kuma ginin zamani da ake yi a kan faifai mai juyawa: kofuna, kwanuka, farantai, butocin shayi, waɗanda ake shafa wa ruwan ƙyalli a gasa su a rufaffen murhu har su yi santsi kamar tangaran. Wannan yana buƙatar wurin da ke da kayan aiki.

Na uku shi ne zaman shaƙatawa na awa biyu ko uku a ƙarshen mako, inda mutum zai je da iyali ko abokai ya taɓa yumɓu ya ji daɗi. Ba laifi ba ne, kuma yara suna amfana da shi ƙwarai. Sai dai wanda ke son sana'a kada ya kai kuɗinsa can yana tsammanin zai fito magini.

Idan ka tsayar da ɗaya, ka riga ka rage wa kanka rabin yawo.

Bi tukunya daga kasuwa har gidan mai ita

Wannan matakin ya fi duk sauran amfani, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Je kasuwar da ta fi kusa da kai inda ake sayar da kayan ƙasa. Kasuwannin gefen gari irin su Dutse Alhaji, Bwari, Gwagwalada, Madalla da Suleja sun fi na tsakiyar birni, domin a can kayan ke fara sauka. Masu sayar da furanni a bakin titi su ma kada ka raina su, tukwanen shukar da suke jerawa suna da masu kawo musu.

Kada ka fara da tambaya. Fara da ciniki. Ɗauki kasko ko ƙaramar tukunya, ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Wadda ta gasu sosai tana amsawa da ƙara mai zaƙi, wadda ke da ɓoyayyar tsaga ko ba ta ji wuta ba sai ka ji muryarta a dishe. Zaɓi mai kyau, ka biya ba tare da ka matse mai kayan ba. Sannan ka ce:

"Sannu da kasuwa, Mama. Wannan aikin ya yi kyau. Daga wane gari ake kawo muku?"

Wata za ta faɗa maka nan take. Wata za ta yi shiru, domin tana tsoron kai ɗan kasuwa ne da ke son ya tsallake ta ya je ya saro da kansa. Tsoronta yana kan hanya, don haka ka fito mata fili: "Ba saye da sayarwa nake nema ba, Mama, koyo nake so. Ko akwai wadda za ki haɗa ni da ita?" Ka tambayi ranar da masu kawo kayan suke zuwa, ka dawo ranar. Haɗuwa da maginiya ta hannun wadda ta saba sayen kayanta ya fi ka faɗo mata gida kai kaɗai kamar daga sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mai sayar da tukunya kuwa ta san wace maginiya ce kayanta ba sa dawowa.

Idan aka ba ka sunan ƙauye ba tare da sunan mutum ba, to in ka isa ka fara da gidan mai unguwa ko fadar dagaci. Ka gaishe su, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da shugabar masu ginin. Yawancin Gbagyin wannan yankin suna jin Hausa sarai, saboda haka harshe ba zai tare ka ba. Abu ɗaya: ka ce Gbagyi, shi ne sunan da suke kiran kansu da shi, kuma sun fi son a kira su da shi.

Namijin da ke son koyon ginin gargajiya ya sani cewa zai shiga sana'ar da mata suka riƙe a wannan yanki. Ya fi kyau ya je da matarsa ko 'yar'uwarsa a zuwan farko, ya kuma bar mai unguwa ya tsara inda za a riƙa zama. Mace kuma da za ta je wurin da maza ke koyarwa, ta tambaya tun farko ko akwai wasu mata a ajin, ko akwai malama mace. Wannan tambaya ce ta yau da kullum, babu mai jin haushinta.

Wuraren da aka riga aka sani

Ushafa ce ta fi sauƙin zuwa ga mazaunin Abuja. Tana yankin Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, ana bi ta Dutse Alhaji. Cibiyar tukwanen garin ta samo asali ne daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, sunanta kuma ya ƙara fita bayan shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a watan Agustan 2000. Amfanin Ushafa ga mai neman koyo shi ne za ka ga hanyoyin biyu kusa da juna, ginin hannu na matan gari da kuma na faifai da ƙyalli. Wanda bai gama tsayar da ra'ayinsa ba, ya fara da nan.

Gaba kaɗan, a cikin Bwari, kusa da Makarantar Horar da Lauyoyi, akwai Bwari Pottery, wadda aka sani da kayan tebur masu ƙyalli. Ta ɓangaren Gwagwalada kuma akwai Giri, sannan in ka miƙe kan hanyar Lokoja ka isa Kwali.

Sai Suleja, wadda dole in ɗan tsaya a kanta. Garin da muke kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali, sai bayan an ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976 aka ba sabon birnin sunan. A farkon shekarun 1950 wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a can. A fadar Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata daga Kwali, waɗanda ta ƙawata da zanen kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsaye. Ita ce Ladi Kwali. Ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko a wurin, ta koyi aikin faifai ba tare da ta saki ginin hannu da ta tashi da shi ba. Ta je Ingila da Amurka ta nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin, tana tsaka da aiki, kuma cibiyar Suleja sunanta take amsawa.

Abin da nake so mai neman aji ya ɗauka daga tarihinta shi ne wannan: matar da ta fi kowa suna a wannan sana'a a Najeriya a gida ta koya, wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kafin ta taɓa ganin faifai. Yana yi mini ciwo in ga matashi ya ɗauka sai inda aka sa na'urar sanyaya ɗaki ake da ilimin yumɓu. Cibiyar Suleja ta ga shekarun bunƙasa, ta ga na lalacewa, amma waɗanda aka horar a can da almajiransu sun bazu zuwa Minna, Kaduna da sauran wurare. Idan ka je Suleja, tambayar da ta fi amfani ita ce: "Su wa suka yi aiki a nan, kuma ina suke yanzu?" Tsohon ma'aikaci guda da ke da faifai a bayan gidansa zai iya zame maka makaranta sukutum.

Kowanne daga cikin wuraren nan, ka nemi wanda ya je kwanan nan ko ka kira kafin ka kama hanya. Wurin tukwane yana iya yin wata guda ba a kunna murhu ba, kuma ranar da ake aiki ita ce ranar da ya kamata ka gani.

Waya da intanet

Yanzu ka ɗauki wayar. Masu wuraren zamani da Turanci suke tallata kansu, saboda haka a Google Maps ko Instagram ka rubuta pottery class Abuja ko ceramics studio Abuja, sannan ka sake gwadawa da sunan unguwarku. Kada kyan hoto ya ɗauke ka. Duba ranar da aka sa hoton ƙarshe. Duba ko akwai hoton murhu, da na ɗalibai hannu dumu-dumu da yumɓu, da na kayan da ɗalibai suka gama, ba na malami kaɗai ba. Shafin da babu komai sai kofuna masu sheƙi a kan farin tebur yana iya zama na mai sayarwa ne kawai.

Ka kuma jefa tambaya a zaurukan WhatsApp na unguwa, na iyayen yara a makaranta, da na wurin aiki. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna da malamin zane da ya karanta fannin tukwane, kuma irin waɗannan malamai sukan koyar a gida ranar Asabar. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka ga wurin da idonka.

Jami'o'i da hukumomi

Wanda ke son takardar shaida ko zurfin ilimi, irin sanin haɗa ruwan ƙyalli da gina murhu, ya dubi Sashen Tsara Kayan Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko takwaransa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi. Duka biyun suna koyar da fannin tangaran. Ko ba za ka shiga karatu ba, ka je ɗakin aikinsu ka nemi ma'aikacin da ke kula da murhu da injuna. Shi ne ya san tsofaffin ɗaliban da suka buɗe wurarensu, da garin da kowanne yake. A cikin Abuja kuma, ka leƙa Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki ka tambayi jami'an sana'o'in hannu, ka kuma tambayi ofishin NDE, wato hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, ko suna da magini cikin masu sana'ar da suke tura wa matasa koyo.

Ziyarar farko: nemi murhu

Ka samu wuri biyu ko uku. Je ka gani kafin ka yi alkawari. Bayan gaisuwa, abin farko da za ka roƙa shi ne: "Malam, don Allah a nuna mini inda kuke gasawa."

Dalili kuwa, yumɓun da ba a gasa ba ƙasa ce kawai. Komai kyan abin da ka gina, in ruwa ya taɓa shi zai koma laka. Wuta ce ke mayar da shi tukunya. Duk wurin da ba shi da murhu, ba shi kuma da tsayayyar yarjejeniya da mai murhu, rabin sana'ar zai koya maka. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin zama huɗu a wani wuri a cikin gari, na gina kwanuka shida, aka ce in dawo bayan mako biyu. Na yi ta zarya har wata uku, kullum maganar ɗaya ce, ba a samu wutar da za ta riƙe murhun ba. Daga ƙarshe kayan suka farfashe a kan kanta. Kuɗin bai dame ni kamar rashin ganin yadda aikin hannuna zai fito daga wuta ba, domin daga nan ne mutum ke gane kuskurensa.

Saboda haka ka tambayi irin murhun. Na lantarki yana buƙatar wuta tsayayya ta awanni masu yawa ba yankewa, sai ka ji ko suna da janareto mai ƙarfin ɗaukarsa. Na gas ya fi dacewa da halin da muke ciki. Na itace yana cin aiki da dare, amma wanda ya tsaya a gashi ɗaya daga farko har ƙarshe ya koyi abin da ba a koya a wata guda a aji. Ka tambayi sau nawa suke gashi a wata, da ranar da suka yi na ƙarshe. Ka leƙa ciki. Murhun da ake amfani da shi ba ya ɓuya, kamar yadda wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa ba ya ɓuya.

Kayan ƙyalli sau biyu ake gasa su. Gashin farko yana kai wajen digiri 900 zuwa 1000 a ma'aunin Selshiyos, ya ƙarfafa jikin abin. Sai a shafa ruwan ƙyalli a mayar, na biyun kuma a kayan tebur masu ƙarfi yana kai digiri 1200 zuwa 1300. Gashin fili na gargajiya bai kai haka zafi ba, shi ya sa jikin randa ke tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Ba aibi ba ne, shi ne amfaninta. Malamin da ya iya yi maka wannan bayani a sauƙaƙe ya san aikinsa.

Ka lura da wasu abubuwa biyu da ake sayarwa da sunan ajin tukwane. Na ɗaya, a ba ka kofin da aka riga aka yi ka shafa masa fenti. Na biyu, a ba ka yumɓun kanti mai bushewa da iska wanda ba a gasawa. Duka biyun wasa ne mai daɗi, amma ba ginin tukwane ba ne, kuma ba a cin abinci a cikin abin da aka yi da su.

Daga murhu sai ka ƙirga faifai, ka ƙirga ɗalibai. Mutum goma a kan faifai biyu, yawancin lokacinka a kallo zai ƙare. Ka tambayi inda suke samo yumɓu. Wanda ya ce maka daga rafi kaza suke haƙowa, su jiƙa, su tace, su haɗa da yashi ko garin tsingaro, ko ya ambaci farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Katsina ko Alƙaleri a Bauchi, wannan zai koya maka abin da za ka iya ci gaba da shi bayan ka bar wurinsa. A ƙarshe ka roƙi malamin ya gina wani abu a gabanka. Minti biyar sun isa.

Maganar kuɗi

A wuraren zamani, kada ka tsaya a "nawa ne?" Ka warware kuɗin. Ya haɗa da yumɓu? Ya haɗa da gashi biyu da ƙyalli, ko kowane abu da kuɗin gashinsa? Abu nawa za ka tafi da shi gida? In ka rasa zama ɗaya, ana rama maka? In kayanka suka fashe a murhu, yaya ake yi? Akwai damar ka zo ka yi atisaye kai kaɗai a ranar da ba darasi? Wannan ta ƙarshen ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin hannu ba ya faɗawa da zama ɗaya a mako. Ka biya na zama ɗaya tukuna. In ya yi maka, sai ka biya na wata, a rubuta maka abin da aka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon waya ne.

A wurin maginiyar ƙauye kuwa lamarin daban ne, kuma a nan ne 'yan birni suka fi yin kuskure. Wataƙila ba ta taɓa sa wa koyarwa farashi ba, in ka tambaya sai ta ce, "Duk abin da ka bayar, ɗana." Kada ka ɗauki wannan a matsayin kyauta. Duk awar da ta zauna da kai, tukunyar sayarwa ce ba ta gina ba. Ka tambayi wanda ya haɗa ku abin da ya dace, ka faɗi adadin a gaban shaida, ka riƙa biya a kan lokaci. Ka zo da ɗan abin hannu, sabulu ko sukari ko goro. Ka sayi kayanta. In za a je ɗebo yumɓu ko itace, ka bi su, domin nan ma darasi ne. Kada ka ɗauki hotonta ko bidiyo sai ta yarda, in kuma za ka sa a intanet ka faɗa mata, ka ambaci garinsu. Wanda ya koyi zanen gidan mutane ya je birni yana sayarwa da sunansa shi kaɗai, bai kyauta ba.

Lokacin da ya dace

Ginin gargajiya na rani ne. Da damina matan suna gona, itace da ciyawa a jiƙe, kaya ba sa bushewa, saboda haka aiki yana ja baya. Daga Nuwamba zuwa Maris ne za ka samu ana gini ana gashi a kai a kai. Sai dai hunturu yana da nasa sharrin: iskarsa tana busar da bakin tukunya tun gindin yana ɗanye, sai ta tsage. Ka rufe aikinka da leda ko tsumma mai laima, a inuwa, ya bushe a hankali. Wuraren zamani suna aiki duk shekara, amma da damina ka ƙara wa lissafinka kwanaki. Daga ranar gini zuwa ranar da za ka karɓi kofi mai ƙyalli, ka sa ran mako biyu zuwa huɗu.

Lafiyarka

Abu biyu ne ba na wasa ba. Ƙurar busasshen yumɓu tana da sinadarin da ke taruwa a huhu shekara da shekaru, don haka wurin kirki da ruwa ake goge shi, ba a share shi a bushe. In ka shiga ka ga ƙura ta yi fari a ko'ina ana ta shara da tsintsiya, ka yi tunani. Na biyu shi ne dalma. Wasu nau'o'in ruwan ƙyalli masu narkewa a ƙaramin zafi suna ɗauke da ita, kuma tana iya fita ta shiga abinci, musamman mai tsami. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Ka tambaya kai tsaye: "Wannan ƙyallin akwai dalma a ciki? Ana cin abinci a kansa?" In amsar ta zo da kame-kame, kayan su tsaya a ado. Ana iya haɗa ƙyalli mai kyau da tokar itace, da tokar ɓuntun shinkafa, da garin dutse, irin yadda aka yi a cibiyar Suleja tun zamanin Cardew. Maginan gargajiya kuwa makuba suke yayyafa wa tukunya tana da zafi, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya ba ta duhu da ƙarin ƙarfi.

Makonnin farko

Yanke farce. Cire zobe, agogo da awarwaro. Sa tufafin da ba ka jin asararsu, mai hijabi kuma ta zaɓi gajere ko ta soke shi yadda ba zai sauka kan faifai ba. Tafi da tsohon tawul.

Kada ka yi mamaki in an kwashe kwanakin farko ana sa ka kwaɓa yumɓu da murza shi kawai. Murzawar ce ke fitar da iska ta daidaita laushinsa, kuma yawancin matsalar da ke bayyana daga baya a nan take farawa. A wurin maginiyar Gbagyi za ka ga tukunya na zaune wuri ɗaya, ita ce ke zagaya ta, tana jan bangon sama, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ka zuba ido a kan hannun da ke ciki, shi ke yin aikin. A kan faifai kuma, abin farko shi ne tsayar da curin yumɓu a tsakiya ya daina rawa. Yana ɗaukar zama da yawa, kuma kowa da haka ya fara.

Ka gina abu ya ɗan fi girman da kake so, domin yumɓu yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da gashi. Kada ka bar gindi ya yi kauri fiye da bango sosai. Kada ka matsa a sa kayanka a wuta tun suna da sanyin laima in ka kanga su a kumatu, domin ruwan da ya rage a ciki shi ne ke zama tururi ya fasa su, har ya ɓata na maƙwabta. Ka rubuta alamarka a gindin kowane abu tun yana ɗanye.

In ba a Abuja kake ba

A Kaduna ka tambayi Maraba Pottery da ke Maraban Jos kan hanyar Zariya. A Neja ta Najeriya akwai Tatiko a yankin Paiko, kusa da Minna. A Jos ka fara da gidan tarihi, inda akwai zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, ma'aikatansa kuma sun san magina. A Jamhuriyar Nijar, mutanen Yamai suna da Bubon a bakin kogi, na Damagaram kuma suna da Mirriya. Inda duk babu sunan da ka sani, koma kasuwa ka bi tukunya.

Ranar da aka buɗe murhu, ka yi ƙoƙari ka kasance a wurin. Ɗauki naka ka ƙwanƙwasa, in mai ƙyalli ne ka zuba ruwa ka ajiye a kan busasshiyar takarda ka ga ko yana yoyo. Wanda ya tsage kada ka jefar, kai wa malaminka ya fasa shi biyu ya nuna maka inda bangon ya yi kauri da inda ya yi siriri. In tukunyar girki ce ta gargajiya, kada ka ɗora ta a babbar wuta nan da nan: ka jiƙa ta, ka fara dama ɗan kunu a ciki a ƙaramar wuta don ya toshe ƙofofin jikinta, sannan ta shiga aiki. Kafin ka bar wurin, ka tambayi ranar gashi na gaba, ka ƙirga kwanakin bushewa baya, ka san ranar da za ka dawo ka zauna gini.